Ciwon Damuwa: Inda Binciken Likitoci Ya Kai, da Inda Muka Tsaya

Akwai wata 'yar uwata da ta yi kusan shekara guda ana yi mata maganin taifot. Duk bayan 'yan makonni sai a kai ta wani ƙaramin asibiti, a ɗebi jini, a dawo da takarda, a rubuto allurai da ƙarin ruwa. Kukanta kuwa bai taɓa canzawa ba: kanta yana zafi kamar an ɗora mata garwashi, jikinta ya mutu, abinci ba ya mata daɗi a baki, kuma ƙarfe uku na dare idonta ke buɗewa, barci ya tafi ke nan har kiran assalatu. Mace ce da duk unguwa ta sani da waina, amma tandarta ta yi wata da watanni a kife a bayan ɗaki. A gida wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce, wasu kuma suka riƙa yi mata wa'azin haƙuri. Ranar da al'amarin ya juya, ba wani babban likita aka gani ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ajiye biro, ta dube ta, ta ce: "Yaya, a makonnin nan, abubuwan da kike jin daɗinsu da, sun fita daga ranki? Kina jin kamar babu wani alheri a gaba?" Sai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Shekara guda ana bincikar jininta, babu wanda ya tambayi zuciyarta.

Tambayoyin nan guda biyu ba daga kanta ta ƙago su ba. Su ne na farko a cikin wata takardar tambayoyi tara da masu bincike a Amurka suka fitar a 2001, wadda a yau ake amfani da ita a asibitocin duniya don gano ciwon damuwa. Wannan ne ya sa na ga ya dace a zauna a duba abin da binciken likitoci na shekaru saba'in da suka wuce ya tabbatar a kan wannan ciwo, abin da aka zata gaskiya ne daga baya ya rushe, da abin da za mu iya ɗauka mu yi aiki da shi.

Da farko sai a raba tsakanin ciwo da baƙin cikin da kowane ɗan Adam ke ɗanɗana. Wanda aka yi wa rasuwa, ko kasuwa ta karye masa, dole ya shiga ƙunci, kuma wannan ba cuta ba ce. Likitoci suna kiran abu ciwon damuwa ne idan ƙuncin zuciya ko mutuwar sha'awa ta mamaye kusan dukkan yini, kusan kullum, har aƙalla mako biyu, tare da wasu alamomi: lalacewar barci, raguwar ci ko yawansa, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa. Cikin alamomi tara ana neman biyar, kuma sai sun hana mutum gudanar da rayuwarsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ke fama da shi, wato wajen kashi 5 cikin 100 na manya, kuma ya fi kama mata da kusan rabi a kan maza. Fiye da mace ɗaya cikin goma na masu juna biyu da masu jego suna shiga cikinsa. Mutanen da ke kashe kansu a duniya sun haura 700,000 a shekara, kuma wannan ciwo yana cikin manyan dalilai.

Masu cewa wannan cutar Turawa ce, ko ta 'yan boko, ina so su san cewa malamanmu sun riga Turawan yau yin rubutu a kanta. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba tare da sanadi ba. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani, na farkon kuma ya ba da shawarar a bi shi da nasiha da gyaran tunani. Kafin shi ma, Ishaƙ bin Imran ya yi littafi sukutum a kan wannan ciwo a birnin Ƙairawan na Tunisiya. Kuma duk mai karatun Alƙur'ani ya san Annabi Yaƙub, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har ganinsa ya tafi. Babu wanda ya isa ya ce masa mai raunin imani. Ina kawo wannan ne saboda kalmar "rashin tawakkali" ta hana mutane da yawa buɗe baki.

Magungunan zamani na wannan ciwo, tuntuɓe aka yi da su. A 1952, a asibitin masu tarin fuka na Sea View da ke New York, an gwada wani sabon magani mai suna iproniazid. Sai likitoci suka lura marasa lafiyar da ke kwance ba sa ko magana sun miƙe, suna cin abinci, suna raha, har 'yan jarida suka ɗauki hoton wasu suna rawa a ɗakin jinya, alhali huhunsu bai gama warkewa ba. Shekara biyar bayan haka Nathan Kline ya ba masu ciwon damuwa wannan magani, ya ga sauƙi. A shekarar dai, 1957, wani likita ɗan Switzalan, Roland Kuhn, ya bayyana cewa imipramine, wanda aka haɗa da nufin wata cuta dabam, yana ɗaga masu tsananin damuwa. Ka ga an sami magani kafin a san yadda yake aiki. Sai masana suka bi sawu a baibai: tunda waɗannan ƙwayoyi suna ƙara yawan wasu sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, to wataƙila ƙarancin sinadaran ne ke kawo ciwon. Joseph Schildkraut ya gabatar da wannan hasashe a 1965, Alec Coppen na Ingila ya karkata shi zuwa ga sinadarin serotonin a 1967. Da kamfanin Eli Lilly ya sami izinin sayar da Prozac a Amurka a ƙarshen 1987, sai hasashen ya fita daga ɗakin bincike ya shiga tallace-tallace, har ya zama abin da kowa ya haddace: damuwa ƙarancin serotonin ce, ƙwaya kuma tana cike gurbin.

Masu bincike da yawa sun daɗe da sanin cewa maganar ba ta da ƙafafu masu ƙarfi. Ƙwayar tana ɗaga serotonin cikin sa'o'i, amma mara lafiya ba ya jin sauƙi sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani ma fiye. Idan ƙaranci ne kawai, me ya kawo jinkirin? A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan suka tattara binciken da aka yi a kan serotonin na shekaru masu yawa, suka buga a mujallar Molecular Psychiatry cewa babu hujja tabbatacciya da ke nuna masu ciwon suna da ƙarancinsa. Labarin ya karaɗe duniya, wasu masana suka soki hanyar da aka bi wajen tacewar, mutane da dama kuma suka fahimci abin a karkace, suka ɗauka an ce maganin ba ya aiki. Ai tambayoyin biyu ne dabam. Farasitamol yana sauke ciwon kai, amma ba wanda ya ce ƙarancin farasitamol ke kawo ciwon kai. Ko magani yana aiki, gwaji ne ke nunawa.

Gwajin kuwa ga yadda yake. A tara marasa lafiya, a raba su gida biyu da ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin gaske, ɗayan a ba su ƙwayar wofi mai kama da shi sak, wadda babu komai a cikinta. Mara lafiya bai san wadda ya sha ba, likitan da ke auna shi ma bai sani ba. Bayan mako shida ko takwas a duba. A nan ne ciwon damuwa ya ba masu bincike wahala, domin masu shan ƙwayar wofi ma da yawa suna samun sauƙi: wani lokaci ne ya yi masa magani, wani kuma kulawar da yake samu duk mako da sa ran waraka ne suka ɗaga shi. Ratar da ke tsakanin gidajen biyu ita ce ainihin aikin magani.

Kuma an yi rufa-rufa a kan wannan rata, abin da ya kamata a faɗa ba tare da kara ba. A 2008 Erick Turner ya duba gwaje-gwaje 74 da kamfanoni suka yi wa rajista a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. Guda 38 da suka nuna maganin ya yi aiki, an buga 37 a mujallu. Sauran 36 da sakamakonsu bai yi kyau ba ko yake da shakku, 22 ba a buga su ba sam, 11 kuma an rubuta su ta yadda mai karatu zai zaci nasara aka yi. Likitan da ya dogara da mujallu zai ga kamar kashi 94 cikin 100 na gwaje-gwajen sun yi nasara, alhali a lissafin hukumar kashi 51 ne. Wannan cin amanar marasa lafiya ne, kuma irinsa ne ya ƙara ƙarfin dokar da ke tilasta yi wa kowane gwaji rajista tun kafin a fara.

Bayan shekara goma, Andrea Cipriani na jami'ar Oxford da tawagarsa suka yi tacewa mafi girma: gwaji 522, mutum 116,477, magunguna 21, har da sakamakon da ba a taɓa bugawa ba. Abin da suka samu, wanda mujallar Lancet ta buga a 2018, shi ne dukkan magungunan sun fi ƙwayar wofi, amma fifikon matsakaici ne. Wani abin lura a gare mu shi ne amitriptyline, tsohon magani mai araha da ake samu a kusan kowane kemis, ya fito a sahun gaba wajen ƙarfi, duk da yana da illolin da ke sa wasu su bari, irin su bushewar baki da yawan barci, kuma shansa fiye da ƙima yana iya kisa. Tsadar magani ba ita ce ƙarfinsa ba.

Sai kuma tambayar da iyalai suka fi yi: zai warke sarai? Babban binciken STAR*D na Amurka, mai mutum kusan 4,000, ya nuna a 2006 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne alamominsu suka gushe da maganin farko. Sauran sai da aka canza musu ko aka ƙara wani. Masu binciken sun ce bayan matakai huɗu kashi 67 cikin 100 sun warware, amma wasu masana da suka sake lissafin a 2023 bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa tun farko sun ce adadin bai wuce kashi 35 ba. Har yanzu ana jayayya. Game da dainawa kuma, gwajin ANTLER na Ingila a 2021 ya bi mutum 478 da suka daɗe suna shan magani har suka ji garau. Cikin waɗanda aka janye musu, kashi 56 ciwon ya dawo musu a cikin shekara, cikin waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 39. A karanta wannan ta fuska biyu: magani yana rage komowar ciwo, amma kusan rabin waɗanda suka daina sun zauna lafiya. Shi ya sa ake cewa a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, kuma ranar dainawa a rage a hankali da sanin likita, don yankewa farat ɗaya tana kawo jiri, fargaba da rashin barci. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 kuma ana sa musu ido sosai a makonnin farko, saboda an ga tunanin kashe kai yana ƙaruwa ga wasu daga cikinsu.

To idan ba ƙarancin sinadari guda ba ne, mene ne? Binciken tagwaye ya nuna gado yana da kaso, wajen kashi 37 cikin 100. An taɓa zaton an kama ɓarawon: a 2003 wani bincike a kan matasan garin Dunedin na New Zealand ya ce wata ƙwayar gado mai alaƙa da serotonin ce ke sa wasu su karye idan masifa ta same su. Ɗaruruwan takardu aka rubuta a kan wannan, sai manyan bincike na 2009 da 2019 suka kasa tabbatar da shi. Abin da ya bayyana daga baya shi ne babu ƙwaya guda. A farkon 2025 wani aiki da ya haɗa bayanan mutum kusan miliyan 5 daga ƙasashe 29 ya gano wurare kusan 700 a cikin ƙwayoyin gado, kowanne da ɗan tasiri ƙanƙani. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai ce wane yana da ciwon damuwa. Duk wanda ya ce zai auna maka shi da na'ura, ka riƙe kuɗinka. Gwajin jini yana da amfani ne wajen kawar da cututtukan da ke kwaikwayonsa, kamar ƙarancin jini da matsalar ƙullin wuya mai alaƙa da maƙoƙo.

Ni a ganina binciken da ya fi kusa da rayuwarmu ba a ɗakin gwaji aka yi shi ba. A shekarun 1970 George Brown da Tirril Harris suka bi mata gida-gida a unguwar Camberwell ta Landan suna tambayarsu abin da ya same su. Suka gano cewa galibin waɗanda suka kamu, wata babbar masifa ko wahala mai tsawo ce ta riga ciwon zuwa. Amma ba kowace mai masifa ke kamuwa ba. Waɗanda suka fi faɗawa su ne marasa aminin da za su buɗe wa ciki, da masu ƙananan yara uku ko fiye a gida, da marasa aikin yi a waje, da waɗanda suka rasa uwa kafin su kai shekara 11. Mai karatu ya ɗan tsaya ya lissafa matan da ya sani masu wannan siffa. Yarinyar da aka kai aure garin da ba ta da kowa, ta haihu uku a jere, mijin yana can ci-rani, ba ta da wanda za ta ce wa "yau ban ji daɗi ba". Ko matar da 'yan bindiga suka kashe mijinta, tana zaune a sansanin gudun hijira da marayu.

Talauci ma haka. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2020 ya nuna masu ƙaramin ƙarfi sun fi masu hali haɗarin damuwa da fargaba da ninki ɗaya da rabi zuwa uku, kuma abin yana tafiya ta ɓangare biyu: babu tana kawo ciwon, ciwon yana hana nema, sai babun ta ƙaru. An gwada warware wannan ƙulli a Jamhuriyar Nijar, cikin shirin gwamnati na tallafin kuɗi ga matan karkara. Dukkansu an ba su horon sana'a da tsarin adashi. Wasu aka ƙara musu jari dunƙule, wasu kuma aka ƙara musu horon dabarun rayuwa da taron gari inda ake nuna fim a tattauna burin mata da goyon bayan iyali. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna duka hanyoyin sun ɗaga kuɗin shiga da kwanciyar hankalin matan, kuma hanyar da ba ta da jari dunƙule ta fi biyan kuɗin da aka kashe mata. Wannan a ƙauyukanmu aka yi shi, ba a wata uwa duniya ba.

Sababbin magunguna suna ta fitowa, kuma su ne suka fi cika jaridu. Ketamine, allurar da asibitocinmu suka daɗe suna sa wa mutum barci da ita lokacin tiyata, an gano a jami'ar Yale a 2000 cewa kaɗan daga cikinta tana ɗaga tsananin damuwa cikin sa'o'i. Ba ta hanyar serotonin take bi ba, abin da ya buɗe wa masu bincike wata ƙofa. A 2019 Amurka ta amince da wani nau'inta da ake fesawa a hanci ga waɗanda magunguna suka kasa. Sai dai sauƙin ba ya daɗewa idan ba a maimaita ba, tana iya zama jaraba, kuma a gaban likita kaɗai ake bayarwa. A 2023 an amince da zuranolone, ƙwayar kwana 14 ta masu jego, amma kuɗinta ya fi ƙarfin talaka ko a can. Ana kuma gwada psilocybin, sinadarin wani naman kaza mai gusar da hankali, sai dai gwajinsa yana da rauni, tunda wanda ya sha ya san ya sha. Jinyar lantarki da aka fara a Rum a 1938, wadda mutane ke tsoro, yanzu ana yin ta ne bayan an sa mutum barci, kuma har gobe tana cikin mafi ƙarfi ga wanda ciwon ya kai shi ga daina ci da sha, duk da tana taɓa tunawa na wani lokaci.

Duk wannan yana da kyau, amma ba shi ne zai kai ga 'yar uwata mai waina ba. Fiye da kashi 75 cikin 100 na masu wannan ciwo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba sa samun kowace irin jinya. Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa 300 cikakku, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Wanda ke ƙauyen Zamfara ko Yobe, kafin ya kai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko Maiduguri ko Barnawa ko Dawanau, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi, balle kunyar a ce an kai shi "asibitin mahaukata".

Irin wannan ne ya sami Dixon Chibanda, likitan ƙwaƙwalwa a Zimbabuwe. A 2005 wata matashiya da yake dubawa ta kashe kanta a ƙauyensu, da ya tambayi dalilin da ya sa ba a kawo ta ba, sai uwar ta ce ba su da kuɗin mota. Shekara ta zagayo ya fara wani abu a unguwar Mbare ta Harare da tsofaffin mata 14. Aka kafa bencin katako a harabar asibiti, ƙarƙashin bishiya. Aka koya wa iyayen nan yadda za su saurari mutum ba tare da sun yanke masa hukunci ba, su taimaka masa ya jera matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya, ya fitar da matakin da zai iya ɗauka kafin mako mai zuwa. Ba sa cewa "ciwon ƙwaƙwalwa". Suna amfani da kalmar Shona, kufungisisa, wato yawan tunani, daidai da yadda mu ma muke cewa "tunani ya yi mata yawa". Da aka gwada tsarin da ƙuri'a a kan mutum 573, mujallar JAMA ta buga a 2016 cewa bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 ne na waɗanda suka zauna a benci ke da sauran alamomin damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 50.

Kafin wannan, a karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Atif Rahman ya horar da matan da ke zagayen lafiya gida-gida su riƙa zama da masu juna biyu da ke cikin damuwa. Al'umma ce ta Musulmi, mai kulle da surukai da talauci irin namu. Cikin mata 903, bayan wata shida da haihuwa, kashi 23 na waɗanda aka yi wa wannan zama ke da ciwon, sauran kuwa kashi 53. Jariransu ma sun fi samun rigakafi, gudawa ta fi yi musu sauƙi. Tushen duk waɗannan shi ne aikin Aaron Beck na shekarun 1960, wanda ya lura mai damuwa yana kallon kansa da duniya da gobe ta baƙin gilashi, kuma ana iya koya masa ya tuhumi wannan kallo. Akwai ma hanya mafi sauƙi: a taimaki mutum ya koma ƙananan ayyukan da ya bari, ɗaya bayan ɗaya, ba sai ya jira zuciya ta so ba. Wani gwaji a Ingila a 2016 ya nuna wannan hanya a hannun ƙananan ma'aikata ba ta gaza ta ƙwararru ba. Motsa jiki ma, ko da tafiyar ƙafa ce a kai a kai, an tabbatar yana taimakawa.

A gida Nijeriya, Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya gwada horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko da littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya. A gwajin da aka buga a 2019, kusan kashi uku cikin huɗu na marasa lafiyan sun warware a cikin shekara, ko an bi tsari mai matakai da yawa ko an bi mai sauƙi. Shi ne kuma ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi inda aka haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan asibiti wajen kula da masu taɓin hankali, aka ga sauƙi ya fi na inda kowa ke aikinsa shi kaɗai. Dama Thomas Adeoye Lambo ya fara irin wannan tun 1954 a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen gari tare da danginsu. A wurinmu malami da liman su ne ƙofar farko, kuma ba na ganin hikima a yaƙe su. A koya musu alamomin da idan sun gani za su ce "a ci gaba da addu'a, amma gobe a je asibiti". Abin da ba za a lamunta ba shi ne mari da bulala da hana abinci da sunan fitar da aljani.

Dole a ja kunne kan cututtukan da ke maƙwabtaka da wannan. Fargaba mai tsanani sau da yawa tare suke tafiya, kuma jinyarsu kusan ɗaya ce. Amma akwai ciwon hawa da sauka, wanda mai shi zai yi makonni a ƙasa, sannan ya tashi sama: ba barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, ga jin ya fi kowa. Irin wannan idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tunzura shi. Maganinsa dabam ne, irin su lithium da John Cade na Ostareliya ya gano amfaninsa a 1949. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum zuwa kemis ya sayi ƙwaya don ya ji wani ya sha ya ji daɗi. Sannan ga shaye-shaye. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya. Ina da yaƙinin cewa cikin matan aure da matasan da ke shan kodin da tiramol akwai masu neman abin da zai kashe musu tunani ne, ba masu neman nishaɗi ba.

An sami ci gaba a doka. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai ɗaukar mara lafiya kamar abin tsarewa. Ghana kuma a shekarar ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, alhali sashe na 231 na kundin Penal Code da Arewa ta gada ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Wanda ya san 'yan sanda za a kira masa ba zai faɗi abin da ke ransa ba. Abin da ya rage wa gwamnatocin jihohinmu ba mai tsada ba ne: a horar da ma'aikatan asibitocin unguwa da ungozomomi, a sa tambayoyin nan biyu cikin awon ciki da ranar rigakafi, a ajiye amitriptyline da fluoxetine a kantin asibiti, a kuma gwada irin bencin Harare da Hausa, da iyayenmu mata da dama su ake kai wa ƙara.

'Yar uwata ta sha magani wata tara, tana zuwa ganin ma'aikaciyar nan duk bayan mako biyu, ƙanwarta kuma ta dawo gidan da zama na ɗan lokaci. Ranar da ta fara wanke tanda, kwano ɗaya ta ƙulla. Yanzu sai ka yi sammako kafin ka samu.

Kai mai karatu, idan akwai wani a gidanku da ya yi shiru, ya bar abin da ya saba, barci ya ƙaurace masa fiye da mako biyu, ka zauna kusa da shi ka tambaye shi, kuma ka bari ya gama magana. Idan ya ce ya gaji da rayuwa, kada ka tsawata masa, kada ka bar shi shi kaɗai. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin, bincike ya tabbatar da haka. Ka kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, ka raka shi asibiti a ranar.